Tarihin Edmond Nocard, Likitan Dabbobi Da Ya Yi Wa 'Yan Adam Aiki

Malamin da ke koyar da kiwon lafiya a makarantar Shahuci, ko a wata makaranta ta birni ko ta ƙauye, in ya ce wa yaransa kowa ya naɗe hannun rigarsa, zai ga galibinsu da wani ɗan tabo a dantse. Tabon allurar rigakafin tarin fuka ke nan, wadda ake yi wa jarirai, ana kiranta BCG. Haruffan nan biyu na ƙarshe farkon sunayen Faransawa biyu ne da suka haɗa ta, watau Calmette da Guérin. Akwai kuwa na uku wanda sunansa bai shiga ba, ko da yake daga hannunsa irin ya fito, shi ne kuma malamin Guérin. Sunansa Edmond Nocard, amma Nokar ake faɗi, gama Faransawa ba su cika furta harafin ƙarshe ba.

Likitan dabbobi ne, har ya mutu bai taɓa riƙe asibitin mutane ba. Duk da haka akwai wata cutar huhu ta 'yan Adam wadda har yau da sunansa likitocin duniya ke kiranta. Ba ta da yawa, amma takan yi shigar burtu da kamannin tarin fuka, har ta halaka mai ita ana ta ɗura masa maganin da ba nata ba. Saboda wannan cuta ne muka ga ya kyautu mu kawo tarihin mutumin.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Nocard ran 29 ga Janairu 1850 a Provins, wajen mil 50 daga birnin Faris. Tsohon gari ne mai ganuwa, wanda a zamanin da fatake ke haɗuwa a kasuwarsa daga ƙasashe masu nisa, saboda haka mutumin Kano ba zai ji baƙunci ƙwarai a can ba. Ubansa mai sayar da katako ne. Cikin 1868 yaron ya shiga makarantar likitocin dabbobi ta Alfort, a bakin birnin Faris, wadda ke karɓar ɗalibai tun 1766. Annobar shanu da ta addabi ƙasashen Turai tana cikin dalilan da suka sa sarakunan Faransa suka buɗe irin waɗannan makarantu.

Bai gama ba sai yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa cikin 1870. Ya ajiye littafi ya shiga soja, da ƙura ta lafa ya komo ya ƙare karatu cikin 1873. Makarantar ba ta sake shi ba, ta riƙe shi a sashen duba dabbobi marasa lafiya, inda ya shekara biyar yana fama da dawaki da shanu safe da yamma. Nan ya sami idon gane cuta tun kafin ya iya aiki da madubin likita.

Zamanin nan ana cikin wata babbar gardama. Louis Pasteur ya tsaya a kan cewa cututtuka masu yaɗuwa wasu ƙananan halittu ne ke kawo su, waɗanda ido ba ya gani, kowace cuta da tata ƙwayar. Manyan malamai da yawa suka ƙi, har a Alfort ɗin akwai wani shaihin malami, Gabriel Colin, wanda ya daɗe yana sa-in-sa da Pasteur. Nocard yaro ne a cikinsu, amma ya bi abin da gwaji ya nuna. Cikin 1876 ya sadu da Emile Roux, wani saurayi ɗalibin likita, suka ƙulla abotar da ba ta warware ba sai da mutuwa. Ta hanyar Roux ya shiga ɗakin binciken Pasteur cikin 1880. Shekarar da ta biyo yana nan aka yi mashahurin gwajin nan na Pouilly-le-Fort, inda aka tara tumaki wajen 50, aka yi wa rabi rigakafin ciwon saifa, aka bar rabi, sa'an nan aka sa musu cutar duka. Ran 2 ga Yuni 1881 jama'a suka taru suka ga waɗanda aka yi wa allura suna tsaye, sauran kuwa sun zube.

Cikin 1883 kwalara ta faɗa wa Masar. Faransa ta aika da mutum huɗu Iskandariya su nemo ƙwayar cutar, su ne Roux da Straus da Thuillier da Nocard. Jamus kuma ta aika da nata a ƙarƙashin Robert Koch, wanda shekara ɗaya kafin nan ya gano ƙwayar tarin fuka. Tafiyar ba ta yi wa Faransawa kyau ba. Ba su sami abin da suka je nema ba, Thuillier kuwa, ƙaraminsu, ya kamu da cutar ya mutu cikin watan Satumba yana da shekara 27. Koch, duk da gabar da ke tsakanin ƙasashen biyu, ya halarci jana'izar. Daga nan ya zarce Kalkata ta ƙasar Indiya, can ya tabbatar da ƙwayar kwalara.

Nocard ya komo Alfort ya kafa ɗakin bincike nasa. Cikin 1887 aka ba shi shugabancin makarantar, ya riƙe shekara huɗu ya sauka don ya sami sararin bincike. Cikin 1887 ɗin nan shi da Roux suka gane cewa in an zuba gilisarin cikin abincin da ake shuka ƙwayar tarin fuka a kai, sai ta tsiro da yawa da sauƙi. Ƙaramin abu ne a ji, amma duk wanda ya yi aiki da wannan ƙwaya a bayansu ya ci moriyarsa.

Shanun Guadeloupe

Yanzu mun iso ga abin da ya sa sunansa ya shiga littattafan likitoci.

Guadeloupe tsibiri ne na Faransa a tekun da ke tsakanin Amurka ta Arewa da ta Kudu. Shanun wurin suna fama da wani ciwo mai fid da ƙulli-ƙulli a jere a ƙarƙashin fata, musamman a ƙafafu da wuya, kamar an binne igiya mai ƙulle-ƙulle. In ya yi nisa ya shiga huhu, mahauci ya feɗe ya ga abin da ba shi da maraba da tarin fuka. Aka aika wa Nocard da mugunyar. Da ya duba sai ya ga ba 'yan sanduna ba ne irin na ƙwayar Koch, wasu siraran zaruruwa ne masu rassa kamar saiwar ciyawa. Ya shuka su suka tsiro, ya buga bayaninsu cikin 1888. Shekara ɗaya bayan haka wani masani na Italiya, Trevisan, ya raɗa wa wannan jinsi suna Nokadiya, don girmama wanda ya fara ganinsa.

Ba a jima ba aka ga abin bai tsaya ga shanu ba. Cikin 1890 wani likita a ƙasar Ostiriya, Hans Eppinger, ya bincika gawar wani mai sana'ar hura gilashi wanda ya mutu da ciwon huhu da maruru cikin ƙwaƙwalwa. Kowa ya ga huhun zai ce tarin fuka ne. Eppinger ya sami zaruruwan nan masu rassa. Shi ne mutum na fari da aka rubuta labarinsa da wannan cuta, kuma yadda ta yi masa haka take yi har yau, ta fara a huhu ta bi jini ta haura ka.

To, bari mu ɗan dakata da tarihi mu faɗi yadda cutar take, gama malamin makaranta da akawu su ne waɗanda dangi kan kawo wa takardar asibiti su karanta, su kuma akan tambaya shawara.

Gidan Nokadiya ƙasa ne, da ruɓaɓɓen ganye da taki da ƙura. Ko'ina cikin duniya akwai ta. Mutum yakan shaƙe ta tare da ƙura, wani lokaci kuma ta shiga ta sartse ko ƙaya ta tsaya a fata. Ba a ɗaukarta daga tarin wani, saboda haka ba a keɓe mai ita kamar yadda ake yi wa mai tarin fuka a farkon magani. Mai ƙoshin lafiya yakan shaƙe ta jikinsa ya kashe ta bai ma sani ba. Wanda take kayarwa galibi shi ne wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai ƙanjamau, da wanda aka yi wa dashen ƙoda, da mai ciwon daji, da mai ciwon sukari da ya daɗe, da mai tsohon ciwon huhu. Sai kuma wanda ya daɗe yana shan magungunan nan irin su prednisolone da dexamethasone. Likita yakan rubuta su don fuka ko ciwon gaɓoɓi, shi ya san iyakarsu. Amma dexamethasone ɗin nan yana cikin abin da ake sayar wa 'yan mata da sunan sha-ka-fashe, suna sha wata da watanni don neman ƙiba. Ƙibar kumburi ce, garkuwar jiki kuwa tana zaizayewa a ɓoye.

Alamunta su ne tari da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da zazzaɓi, da zufar dare, da rama, da ciwon ƙirji, wani lokaci har da jini cikin kaki. Mai karatu ya ga ai alamun tarin fuka ke nan ɗaya bayan ɗaya. Hoton ƙirji ma ba ya raba gardama, gama dukansu biyu sukan nuna tabo da kogo a huhu. A ƙasar da tarin fuka ya yi yawa irin tamu, likita ba shi da laifi in zatonsa ya fara zuwa can. Haɗarin shi ne a tsaya a zaton.

Ga wani misali daga maƙwabta. Cikin 1994 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a Abijan a kan gawawwakin mutum 247 masu ƙanjamau, aka sami Nokadiya cikin 10. Tarin fuka ya ninka wannan sau da yawa, amma 10 cikin 247 ba abin rainawa ba ne ga cutar da ake cewa ba a cika ganinta ba.

Yaya ake rarrabe su? Wanda ya tashi daga Shahuci ya nufi Ƙofar Mata zai wuce asibitin Murtala, wanda dā ake kira Asibitin Birni tun zamanin da En'e ta Kano ke riƙe da shi, ya ɗan ƙara gaba ya iske karofi. Abin da marina ke yi a karofi, shi ma'aikacin ɗakin gwaji ke yi a asibiti, sai dai nasa ƙyallen ɗan gilashi ne. Yakan shafa kaki a kai, ya zuba jan rini ya ɗumama, sa'an nan ya wanke da asid mai ƙarfi. Kusan kowace ƙwaya sai ta saki rinin, amma ta tarin fuka tana da wata riga mai kama da kakin zuma, in ta kama ja ba ta saki. Sai ya bi da shuɗi, ya duba a madubi, ya ga jajayen sanduna a cikin shuɗin fili. Wasu Jamusawa biyu, Ziehl da Neelsen, su suka daidaita wannan hanya tun zamanin Koch.

Ita Nokadiya 'yar uwar ƙwayar tarin fuka ce ta nesa, tana da irin rigar amma ba kauri. Rininta ba ya jure wanki mai tsanani. In an wanke da asid irin na ruwan batir mai ƙarfin 20 cikin 100, sai ta saki jan ta ɓace wa mai dubawa, a rubuta ba a ga kome ba. In kuwa an sassauta zuwa 1 cikin 100, sai ta bayyana, zaruruwa ja masu rassa da ɗigo-ɗigo kamar carbi. Bambancin ke nan, kuma ba ya bukatar wata na'ura mai tsada, sai dai ma'aikacin ba zai yi ba in likita bai gaya masa abin da yake zato ba. Akwai kuma kuskure ta ɗaya gefen, gama zaruruwan sukan kakkarye su zama gajeru, in sun riƙe ɗan ja sai a ƙirga su cikin tarin fuka.

Shuka ma haka. Yawancin ƙwayoyin ciwon huhu kwana ɗaya ko biyu suke tsirowa, bayan kwana biyu ko uku sai a zubar da faranti. Nokadiya mai nawa ce, takan ɗauki kwanaki, wani lokaci mako biyu ko uku. In an yi haƙuri sai ta fito fari-fari kamar garin alli, da wani ƙamshi irin na ƙasa ran da aka yi ruwan fari. Na'urar GeneXpert kuwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita cikin 2010, ta kawo sauƙi ƙwarai wajen gane tarin fuka cikin 'yan sa'o'i, amma gwajin kakin da ake yi da ita tarin fuka kaɗai yake nema. In ta ce babu, tarin fuka ta ce ba ta gani ba, ba ta ce huhun lafiya yake ba.

Saboda haka in mutum yana cikin masu raunin garkuwa da muka lissafa, an gwada kakinsa ba a ga tarin fuka ba, ko an sa shi a kan maganin tarin fuka wata biyu yana sha ba fashi amma sai ƙara lalacewa yake yi, ya kamata danginsa su koma wurin likita su nemi a faɗaɗa bincike. Balle in ciwon kai mai tsanani ya shigo, ko farfaɗiya, ko shanyewar wani sashe, ko maruru a fata. Don haka ne likitoci in sun tabbatar da Nokadiya a huhu sukan ɗauki hoton ƙwaƙwalwa ko da mai ciwon bai yi kukan kai ba.

Zamanin Nocard ba ta da magani. Sai bayan da Bajamushen nan Domagk ya fid da maganin salfa na fari cikin 1935, aka fara warkar da masu ita cikin shekarun 1940. Har yanzu dangin salfa ne gaba, watau kotirimoksazol, wanda kowa ya sani da sunan Septrin. Kada sanin sunan ya ruɗi kowa ya tafi kemis. Awon da ake bayarwa ya fi na yau da kullum nesa, ana kuma sha wata 6 zuwa 12, in ta taɓa ƙwaƙwalwa shekara guda ko fiye, likita yana duban jini da ƙoda da fata a kai a kai, gama maganin yana da nasa lahani. In ciwon ya yi tsanani akan haɗa da allurai irin su amikasin da imipenem, ko a ba da linezolid, maruru babba kuwa sai an tsaga. Nokadiya iri-iri ce, wani irin ba ya jin abin da wani ke ji, shi ya sa ake so a shuka ta a gwada magunguna a kanta. Wanda ya ji sauƙi bayan wata ɗaya ya ajiye magani, cutar takan komo masa.

Wani abin mamaki, rifampisin, wanda shi ne jigon maganin tarin fuka, asalinsa daga wata ƙwayar ƙasa ce da aka samo a kudancin Faransa cikin 1957, wadda masana suka yi shekaru suna lissafa ta cikin jinsin Nokadiya kafin su sauya mata gida.

Aku, dawaki da ciwon huhun shanu

Ba kullum Nocard ke dacewa ba. Cikin 1892 wasu 'yan kasuwa suka kawo aku masu yawa Faris daga Amurka ta Kudu, sai wani mugun ciwon huhu ya bi gidajen da tsuntsayen suka shiga, mutum kusan 50 suka kwanta, wajen sulusinsu suka mutu. Nocard ya ciro wata ƙwaya daga ɓargon fikafikan matattun akun, ya ɗauka ita ce. Aka yi shekaru ana koyar da haka. Sai da cutar ta sake ɓarkewa a ƙasashe da yawa cikin 1929 da 1930 aka gane ainihin mai laifin wata ƙwaya ce dabam, ƙarama ƙwarai, wadda ba ta hayayyafa sai cikin naman mai rai. Tasa ƙwayar ba ita ce mai kawo cutar ba. Masu kiwon aku da tattabaru su lura, gama cutar tana nan, ana shaƙarta daga busasshen kashin tsuntsu, amma doksisaikilin yana maganinta in an gaya wa likita akwai tsuntsaye a gida.

Wajen mashaƙo kuwa hannunsa ya yi albarka. Behring da Kitasato sun nuna a Jamus cikin 1890 cewa ruwan jinin dabbar da aka saba wa dafin cutar yana karya dafin a jikin wata. Amma ina za a sami ruwan jinin da zai ishi yaran gari guda? Sai doki. Nocard shi ya san doki, shi ya tsara yadda za a ɗebi jini mai yawa daga jijiyar wuyansa cikin tsabta, ba tare da an cuci dabbar ba, a kuma sake ɗiba bayan ta huta. Da wannan ruwan jini Roux ya yi wa yara 300 magani a Faris cikin 1894, mace-mace suka ragu da kusan rabi. Mutanen Kano da suka ga abin da mashaƙo ya yi cikin 2023 sun san darajar wannan magani, wanda har yanzu daga jinin doki ake yinsa.

Aikin da masana suka fi yaba masa shi ne na 1898. Ciwon huhun shanu, wanda Filaninmu suka sani sarai, ya gagari kowa, an duba a madubi ba a ga kome ba, an shuka bai tsiro ba. Makiyaya dai sun riga masana neman dabara. A Afirka ta Yamma Filani da maƙwabtansu sun daɗe suna tsaga fatar karan hancin saniya su cusa ɗan yankin huhun wadda ta mutu, wurin ya kumbura ya warke ya bar wani tsiro mai tauri, har wani Bafaranshe mai binciken dabbobi a Senegal ya zaci ya gano wani irin shanu mai ƙaho uku. Abin da ba a sani ba shi ne mene ne cikin huhun. Nocard da Roux da abokan aikinsu suka haɗa 'yan jakunkuna na wata fata ta roba mai shan ruwa, suka zuba romo da ɗigon ruwan huhun, suka rufe, suka sa cikin cikin zomo mai rai. Jikin zomon yana ciyar da abin da ke cikin jakar, amma ba ya iya kai masa hari. Bayan mako biyu zuwa uku suka ciro, suka ga romon ya ɗan yi gauraye, cikinsa da wasu ɗigo-ɗigo da ƙyar madubi ke kama su. Suka sa wa shanu, alamun cutar suka fito.

Wannan ita ce ta fari da aka sani cikin dangin da yanzu ake kira maikofilazma, mafi ƙanƙanta cikin ƙwayoyin da ke iya rayuwa da kansu. Ba su da ɓawo, shi ya sa fenisilin, wanda aikinsa fasa ɓawo ne, ba ya taɓa su. Cikin 1962 aka tabbatar wata 'yar uwarta ce ke kawo wani irin ciwon huhu ga yara 'yan makaranta da samari. Rigakafin ciwon huhun shanu da ɗakin binciken Vom ke yi, wanda aka kafa cikin 1924, daga wannan tushe ya taso.

Gardamarsa da Koch

Cikin 1890 Koch ya ba da sanarwar wani ruwa, tubakulin, ya ce maganin tarin fuka ne. Bai warkar ba, wasu ma ya ƙara musu ciwo. Amma likitocin dabbobi, Bang a Denmak da Nocard a Faransa, suka ga yana da wani amfani. In an yi wa saniya allurarsa, mai ɗauke da cutar sai zazzaɓi ya kama ta cikin 'yan sa'o'i, lafiyayya kuwa ko a jikinta. Nocard ya yi ta zagaya lardunan Faransa yana wa manoma bayani, yana nuna musu cewa saniya tana iya yin ƙiba da sheƙi alhali huhunta ya ci. Ya yi ta kira a ware masu cutar daga garke, a kuma tafasa madara kafin a ba yara.

Cikin Yuli 1901 aka yi babban taro a Landan a kan tarin fuka. Koch, wanda a lokacin ba wanda ya kai shi suna, ya tashi ya ce na shanu dabam ne da na mutane, haɗarinsa ga ɗan Adam kaɗan ne, bai cancanci wahalar da ake sha a kan madara da nama ba. Da maganar ta zauna, da duban nama a mayanka da gwajin shanu sun rushe. Lister na Ingila ya yi masa musu nan take, Nocard da Bang da McFadyean suka bi da hujjojinsu. Gwamnatin Ingila ta naɗa hukuma ta musamman, ta yi shekara goma tana gwaji, cikin 1911 ta tabbatar cewa tarin shanu yana kama mutane, musamman yara, ta hanyar madara, yana kawo kumburin wuya da ciwon ciki da na ƙashi. Koch yana da gaskiya cewa ƙwayoyin biyu ba ɗaya ba ne, kuma yawancin tarin fukan manya daga mutum yake zuwa. Amma kan abin da ya shafi ƙwaryar nono, likitan dabbobi ne ya fi shi gani. Mu da fura da nono ke abincinmu na rana, sai mu ƙara da cewa tsamin nono bai isa a dogara gare shi ya kashe ƙwayar ba, tafasa madarar tun tana sabuwa shi ne abin dogara.

Nocard bai ga hukuncin hukumar ba. Ya mutu ran 2 ga Agusta 1903 a Saint-Maurice, kusa da makarantarsa, yana da shekara 53. Ya bar babban littafi a kan cututtukan dabbobi masu yaɗuwa, wanda ya rubuta tare da almajirinsa Leclainche, cikin 1906 kuma aka kafa masa abin tunawa a harabar Alfort.

Shekara ɗaya kafin mutuwarsa ya ciro ƙwayar tarin fuka daga hantsar wata saniya, ya ajiye irinta. Wannan iri ne ya je hannun Calmette da Guérin a garin Lille. Daga 1908 suka yi ta shuka shi a kan dankalin Turawa da aka dafa da gilisarin da ruwan matsarmamar sa, duk mako uku su sauya masa wuri, har sau 230 cikin shekara 13, har da lokacin da sojan Jamus ke riƙe da garin. Ƙwayar ta rasa dafinta, ta bar abin da zai koya wa jiki faɗa. Cikin Yuli 1921 aka fara ba wani jariri a Faris.

Game da ciwon shanun Guadeloupe kuwa, cikin shekarun 1970 wani likitan dabbobi, Chamoiseau, ya bi shi a Cadi da Senegal, inda yake damun shanun makiyaya, ya nuna cewa a Afirka wasu 'yan uwan ƙwayar tarin fuka ne na kusa ke kawo shi. Da aka sake duba tsohon irin da aka ajiye da sunan Nocard sai aka tarar ba ƙwaya ɗaya ba ce cikinsa. Sunan dai ya riga ya zauna, kuma irin da ake kira Nocardia farcinica, mai ɗauke da sunan ciwon shanun, yanzu an san shi cikin waɗanda suka fi saurin haurawa ƙwaƙwalwar ɗan Adam, suka kuma fi ƙin jin magani.